Masu kawo kwikwiyon pit bull Katsina ta waya: me kuɗinka ke saya?

Yau a Katsina ba sai mutum ya taka ko'ina ba kafin ya mallaki pit bull. Bidiyo ne zai faɗo masa a WhatsApp ko Facebook, 'yan kwikwiyo shida suna turereniya a kan tayil, can gefe ga wani ƙaton kare mai faɗin ƙirji an ce shi ne uban. Mai kayan yana Jos, ko Kaduna, ko Abuja, wani lokaci har Legas. A yi ciniki ta waya, a tura kafin alƙalami, a ɗora kwikwiyo a motar haya, direba ya kira idan ya shigo gari. Alkawari huɗu ake yi kusan kullum: jininsa tsantsa ne, an yi masa allura, an ba shi maganin tsutsa, kuma zai iso lafiya lau. Wannan hidimar ce muke dubawa a nan, kuma tun daga farko za mu faɗi ra'ayinmu. Tana da sauƙi, tana da sauri, akwai masu gaskiya a cikinta, amma yadda mafi yawan dillalai ke gudanar da ita, mai saye ne ke ɗaukar dukan kasada, kwikwiyo kuma shi ke biya da ransa.

Batun jini tsantsa shi ne mafi sauƙin warwarewa. Asalin wannan kare daga Ingila ne, inda aka haɗa bulldog da terrier a ƙarni na 19, da farko don wasan cizon bijimi, bayan an haramta wasan a 1835 kuma aka koma haɗa su faɗa da juna. A Amurka aka raine shi har ƙungiyar UKC ta fara yi masa rajista a 1898, ADBA kuma, wata ƙungiyar rajistar karnuka, ta kafu a 1909. Kare ne matsakaici, namiji kilo 16 zuwa 27, mace kilo 14 zuwa 23, siririn ciki, mai tsalle da gudu. Saboda haka idan dillali ya ce uban ya kai kilo 45, da bakinsa ya gaya maka ba tsantsa ba ne. Ko dai American Bully ne, wanda wani iri ne daban da aka fitar daga baya, ko kuma an gauraya shi da Boerboel ko wani babban kare. Gaurayen ba aibi ba ne a kan kansa, sau da yawa ma ya fi jure wahala, aibin shi ne a karɓi kuɗin tsantsa a kansa. Takardar asali da ake turowa ta waya kuwa, in dai ba lambar rajistar uwa da uba ke jiki ba wadda za a iya bibiya, kowane shagon kwamfuta zai buga irinta.

Akwai kuma ƙarin kuɗi da ake tsawwalawa a kan launi, musamman mai ruwan toka da ake wa kirari da shuɗin hanci. Launi ne kawai, ba wani jinsi na musamman ba. Don a samu launin ne ake yawan haɗa 'yan uwa na kusa, kuma karnuka masu wannan launi sun fi fama da zubar gashi da ciwon fata. Mai dabbare-dabbaren nan da ake kira merle, ƙungiyoyin biyu da muka ambata ba su yarda da shi a wannan iri ba, idan kuma aka haɗa biyu masu wannan launi akan samu 'ya'ya kurame ko makafi.

Inda hidimar ta fara cutar da mutane da gaske shi ne shekarun kwikwiyo. Bai kamata ya bar uwarsa ba sai ya cika mako 8. Da yawa kuwa ana ɗoro su suna mako 4 ko 5, a ce maka mako 7 ne. Dalilin a fili yake: daga lokacin da karya ta fara yaye, kowace rana kuɗin abinci ne a kan mai kiwo, ga kuma fargabar kada cuta ta shigo ta kwashe masa su kafin ya sayar. Baki ke tona wannan. Kwikwiyon mako 8 haƙoransa na nono 28 duk sun fito, har na can ciki, yana cin abinci mai tauri da kansa, yana gudu ba tangaɗi. Na mako 4 kuwa fiƙoƙi da na gaba ne suka leƙo, na ciki suna tsaga dasashi, tafiyarsa na layi, idonsa na nan da hazon shuɗi. A nemi bidiyon da aka buɗe bakinsa, da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar a gefe. Illar cire shi da wuri ba ta tsaya ga rama da zawo ba. Tsakanin mako 5 zuwa 8 ne yake koyon sassauta cizo, in ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi wancan ya yi kuka wasa ya tsaya, in ya matsa wa uwa ta tsawatar masa. Karen da zai girma da muƙamuƙi irin na pit bull bai kamata ya rasa wannan tarbiyya ba.

Sai katin allura, wanda a nan ne ya kamata mai saye ya fi tsayawa. Katin kirki yana da ranar da aka yi allurar, da sunanta, da 'yar sitikar da ake ɓarowa daga jikin kwalbar a manna, mai ɗauke da lambar rukuni da ranar lalacewa, da sa hannun likitan dabbobi, da hatiminsa, da lambarsa ta hukumar VCN mai yi wa likitocin dabbobi rajista a Najeriya, sannan da ranar da za a koma. Katin da ya fi zuwa Katsina kuwa kwali ne mai hoton kare, an rubuta da biro cewa an yi ta farko, ba sitika, ba hatimi, sa hannu kamar kaza ta yi tono. Irin wannan a ɗauka ba a yi komai ba, a fara daga farko.

Ko an yi ta farkon da gaske, ba ta wadatar ba, kuma wannan ne dillalai ba sa faɗi. Allurar da ake kira DHLPP, mai kariya daga fabo (parvo, cutar amai da zawo mai jini) da distamfa (distemper) da ciwon hanta da sauransu, ana fara ta a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4, har kwikwiyo ya kai mako 16. Dalilin maimaitawar shi ne dakashin da ya sha daga uwarsa. Garkuwar da ke cikinsa tana kare shi a makonnin farko, amma ita ce kuma ke kashe ƙarfin allurar, kuma ba wanda ya san ranar da za ta gushe daga jikinsa, wani mako 8, wani sai mako 14. Akwai 'yan kwanakin da garkuwar uwa ta yi rauni har ba ta iya tare cuta, amma ta isa ta hana allura kamawa, a nan cutar ke samun ƙofa. Allurar haukan kare kuma sai ya cika wata 3, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos na yin tata, akwai kuma na waje. Idan aka nuna maka katin kwikwiyon mako 6 da ke cewa an yi masa ta haukan kare, mai katin bai san aikin ba ko kuma bai yi ba.

Ga kuma matsalar sanyi. Waɗannan allurai sai an ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8. Firjin da wuta ta ɗauke masa kwana biyu, ko kwalbar da aka sako a aljihu aka hau babur da ita cikin rana, ruwa ne kawai za a ɗura wa kare. Idan za a ci gaba da allurar a nan Katsina, a ga an fito da kwalbar daga firji mai sanyi ko kula mai ƙanƙara, a haɗa garin da ruwansa a gaban mai kare, a yi nan take, a manna sitika a kati.

Abin da ke biyo bayan katin bogi kusan iri ɗaya ne. Kwikwiyo ya iso yana wasa, kwana 3 zuwa 7 ya ƙi abinci, ya kwanta, sai amai, sai zawo mai jini mai wani irin ƙarni da wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Fabo ke nan, kuma pit bull na cikin irin da cutar ta fi kayarwa, tare da Rottweiler da Doberman.  Abin da ke ceton rai shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, da allurar tsayar da amai, da maganin ƙwayoyin cuta don kada hanjin da ya kwaile ya zuba cuta cikin jini, kwana 5 zuwa 7 a hannun likita. Wanda aka bari a gida ana ɗura masa ruwan gishiri da sukari yana amayarwa, da wuya ya kai labari. Idan aka kira dillali kuma, amsar ita ce lafiyarsa ƙalau ya bar hannunsa, kuma ta wani ɓangaren bai yi ƙarya ba, domin cutar na ɓoye a jiki kwanaki kafin ta bayyana. Ƙwayar cutar tana rayuwa watanni a ƙasa, har ta iya kai shekara a inuwa. Siminti da kwanoni ana wanke su da bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 30, a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye. Tsakar gida mai turɓaya kuwa ba ta wankuwa, shi ya sa wanda ya yi saurin karɓar wani kwikwiyo a madadin wanda ya mutu yakan binne na biyu a wuri guda.

Maganin tsutsa shi ne alkawarin da aka fi cikawa, saboda yana da araha, sai dai sau ɗaya ake bayarwa. Tsarin shi ne mako 2, 4, 6 da 8, sannan wata-wata har ya kai wata 6, da maganin firantel gwargwadon nauyinsa, ba da ƙiyasin ido ba. Kumburarren ciki, gashi a tsaitsaye da farin dasashi alama ce aikin bai yi ba.

Jigilar ita ce ɓangaren da ya fi ɓata mana rai. Daga Kano zuwa Katsina ma tafiyar kusan kilomita 170 ce, daga Legas kuwa ta haura 1,000. Ana saka kwikwiyo a kwalin taliya da aka huda, a cusa shi a but tsakanin buhuna, ko ƙarƙashin kujera kusa da zafin inji, domin fasinjoji ba za su yarda su zauna da kare ba. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, da ya haura 41 ƙwaƙwalwa da ƙoda sun shiga haɗari. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da garin kansa ke kai digiri 40, but ɗin mota ya fi haka nesa. A tasha za ka ga an miƙo kwali ya jiƙe da fitsari, kwikwiyo a kwance harshe waje, dasashi ja wur ko kuma fari fat. Idan haka ta faru, a jiƙa masa ciki da hammata da tafin ƙafa da ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba, a yi masa fifita, a shafa zuma kaɗan a dasashi domin sukarin jinin ƙaramin kwikwiyo na faɗuwa idan ya daɗe bai ci ba, sannan a wuce wurin likita kai tsaye. Kada a ɗura masa ruwa yana kwance, zai shaƙe. Jigilar da muka yarda da ita ita ce keji mai iska ta kowane gefe, a cikin mota ba a but ba, a taso da asuba, a tsaya duk bayan awa 2 ko 3 a ba shi ruwa. In son samu ne mai saye ya je da kansa ko ya tura wanda ya yarda da shi.

Shawarar ciyarwa da dillalai ke bayarwa ta kasu biyu, duka da gyara. Wasu su ce nama zalla don ya yi ƙirji, wasu su ce ba ya zaɓen abinci, tuwo da ragowar miya sun ishe shi. Nama zalla ba shi da sinadarin gina ƙashi, tuwo da dusa ma haka, kuma sakamakon ɗaya ne: ƙafafun gaba su lanƙwashe a wata 3 ko 4. Abincin kwikwiyo na buhu shi ya fi sauƙin daidaitawa, sau 4 a rana har mako 12, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. A tambayi abin da yake ci a inda ya fito, a ci gaba da shi, in za a canja a yi a hankali cikin mako guda. Ragowar miya na da albasa, wadda ke farfasa jinin kare, dafaffen ƙashin kaza na tsagewa ya huda hanji, madarar shanu kuma zawo take sa yawancinsu.

A kan kaska ma ana ba da shawarwari masu kisa. Kaskar kare tana ɓuya a tsagar bango da ƙarƙashin keji, tana kawo cututtukan jini da ke sa zazzaɓi, farin dasashi da fitsari mai duhu. Masu cewa a yi wa kwikwiyo wanka da maganin ƙwarin gona, ko a shafa masa baƙin mai don ƙazuwa, guba suke ba ka. Akwai ƙwayar taunawa irin NexGard da ake ba kwikwiyon da ya cika mako 8 kuma ya kai kilo 2, sau ɗaya a wata, tana da tsada amma tana aiki, har a kan ƙazuwar da ke damun wannan iri. Allurar sammore ta shanu da wasu ke tsira wa kare idan jini ya yi ƙasa, tazarar da ke tsakanin magani da guba a jikin kare 'yar kaɗan ce, in ta yi yawa ƙwaƙwalwa take taɓawa. Aikin likita ne da sikeli. Haka nan kada a ba kare ibuprofen ko diclofenac na mutane.

Yanke kunne da ake ƙara wa kuɗi, ado ne kawai, ba ya ƙara ji ko lafiya. Yawanci da reza ko almakashi ake yi ba tare da kashe zafi ba, ƙuda kuma ya samu wurin zama. A ce a bar masa kunnensa.

Babbar tallar da ake yi wa mutanen Katsina ita ce gadi, kuma da halin tsaron da ake ciki ba wanda zai zargi mai neman abin da zai tsare masa gida ko gona. Malamanmu ma sun yi sassauci a kan karen gadi da na kiwo da na farauta, ko da yake akwai saɓani a kan cinikinsa, wannan kuwa kowa ya tambayi malaminsa. Amma a san abin da ake saye. Ƙa'idar da UKC ta rubuta wa wannan iri ta faɗi ƙarara cewa ba shi ne zaɓin da ya fi dacewa da gadi ba, saboda yana sakin jiki da mutane har da baƙi, kuma ta yarda cewa yana da zafi a kan sauran karnuka. Wato abin da ya fi yiwuwa ya kama shi ne akuyar maƙwabci, ko ragon layya, ko kajin gida, ba ɓarawo ba. Gwani ne kuma wajen hawa katanga da tona ƙasa. Maganar cewa muƙamuƙinsa na kullewa ba gaskiya ba ce, ƙirar bakinsa irin ta kowane kare ce, naci ne gare shi, in ya kama ba ya son saki. Masu son ya yi zafi sukan ɗaure shi da sarƙa a ɗaki mai duhu, su hana shi ganin mutane, wasu har da duka. Abin da ke fitowa daga nan ba ya bambance ɓarawo da almajirin da ya leƙo zaure, ko mai tallar nono, ko yaron gidan. Ingila ta haramta mallakarsa tun 1991, kuma duk da ana jayayya a kan amfanin dokar, ta isa ta nuna cewa cizonsa ba wasa ba ne. Wanda ke zaune cikin gari, a lungunan da gida ke manne da gida yara na shiga da fita, ba mu ba shi shawarar ya saya ba. Mai fili da doguwar katanga da ƙofa biyu, wanda zai fita da shi da igiya safe da yamma, ya saba masa da mutane da dabbobi tun yana ƙarami, kuma ba zai taɓa barinsa shi kaɗai da yaro ba, shi ne zai ji daɗinsa. Idan tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, a killace karen kwana 10 ana lura da shi.

Dillalan nan sukan haɗa da hidimar barbara, da alkawarin cewa haihuwa ɗaya za ta mayar da kuɗi. Karya na ɗaukar ciki kwana 63, ta haifi 5 zuwa 10, kuma bai kamata a haɗa ta ba sai ta kusa shekara 2. Kafin a haɗa, likita ya duba gaban namijin da na macen, domin akwai wani ƙari mai zubar da jini da ke yaɗuwa ta barbara, kuma ya zama ruwan dare a karnukan ƙasar nan. Yana warkewa, amma sai da allurar jijiya mako-mako. Sannan mutum ya tambayi kansa su wa za su karɓi 'ya'ya takwas a Katsina su riƙe su yadda ya kamata. Babban karen da ake cewa a zo a ɗauka kyauta ko da araha saboda mai shi zai yi tafiya, a tambayi maƙwabta dalilin, domin sau da yawa cizo ne.

Masu kiwon da suka cancanci kuɗinka suna nan, kuma halinsu ɗaya. Za su nuna maka uwar kai tsaye ta kiran bidiyo tana tare da 'ya'yanta, nononta a sake kamar na mai shayarwa, ta kuma bar baƙo ya matso ba tare da ta yi kansa ba. Za su ƙi sakin kwikwiyo kafin mako 8 ko ka matsa, za su ba ka lambar likitan da ya yi allurar ka kira da kanka, kuma su ma za su yi maka tambayoyi a kan gidanka da yaranka. Kuɗinsu ya fi na dillalin tasha, amma bai kai kuɗin jinyar fabo da asarar kwikwiyo ba. Ko da irin waɗannan, a rubuta sharaɗi a saƙo kafin a tura ko sisi: rabin kuɗi a gaba, likitan dabbobi na nan Katsina ya duba shi ranar da ya iso, a cika sauran bayan kwana 14, idan kuma fabo ta bayyana cikin makon farko asarar ta mai sayarwa ce. Cikin kwanakin nan kwikwiyo ya zauna a kan siminti da aka wanke, kada ya taka waje, kada ya haɗu da wani kare, har sai mako guda ko biyu bayan allurarsa ta mako 16.